Mindodin kakana da muka tarar a adakar Inna: a sayar ko a ajiye?

Jikan Kofur: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman wanda ya san kan lambobin yabo na sojan da, irin wanda tsofaffi ke cewa minda. Kakarmu ta wajen uba Allah ya yi mata rasuwa watan jiya a nan Tudun Wadan Zariya, to jiya da aka zo buɗe adakarta don rabon kaya sai ga wani tsohon gwangwanin taba an naɗe shi da tsumma, a ciki minda guda biyar ne da wani ɗan ƙyalle rawaya mai hoton baƙin gizo-gizo. Mu dai abin da muka taso muka ji shi ne kakanmu kofur ne, ya je yaƙin Bama, ya rasu tun 1979 ban ma zo duniya ba. Biyu masu siffar tauraro ne kalar tagulla, biyu zagayayyu farare, ta biyar ɗin ita ma zagayayya ce amma ta yi baƙi ƙirin kuma akwai rubutu a bakinta. Baffana yace a kai wa 'yan gwangwan ko maƙeran fari a raba kuɗin tunda gado ne, ni kuma wallahi zuciyata ta ƙi yarda. Ga hotunan nan na turo.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta. Dan Allah kar ku bari a kai wa 'yan gwangwan, namu haka aka yi da su bayan rasuwar mahaifinmu, yara suka yi ta wasa da su a tsakar gida har suka ɓace, yau ko hotonsu ba mu da shi kuma abin yana cina har yanzu.

Baba Hedimasta: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta mata. Kafin komai, kada ka goge su. Ba toka, ba lemun tsami, ba man goge ƙarfen nan na shago, ba soson waya. Na faɗi wannan da farko ne don duk wanda ya tsinci minda abin da yake fara yi kenan, yana so ta yi ƙyalli, sai ya kankare rubutun da shi ne kaɗai zai kai shi ga mai ita. Ni shekara ta kusan talatin ina tara su tun ina koyar da tarihi a Kaduna, kuma na ga waɗanda aka lalata da gogewa ba adadi.

Huɗun farko na Yaƙin Duniya na Biyu ne. Tauraron da ƙyallensa yake da ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan goro, shi ne na Bama, in ka duba da kyau za ka ga an zagaye tambarin Sarki Joji na shida da rubutu THE BURMA STAR. Ana ba wanda ya yi aiki a fagen Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Ɗaya tauraron na 1939-1945 ne. Fararen biyu, mai zaki ya taka wata dabba mai kai biyu ita ce ta yaƙin baki ɗaya, mai zakuna biyu da kambi a tsakiya kuma ita ce ta tsaro. Waɗannan ba azurfa ba ne, gamin tagulla da wani farin ƙarfe ne, maƙeri ba abin da zai ci da su. Ta biyar ɗin kuwa ka sake ɗauko min ita da rana a waje, gaba da baya da baki, don in abin da nake zato ne to zancen ya fi haka tsawo.

Sadiq Samaru: Baba wai Bama ta Borno ake nufi? ni fa tun ina yaro in naji ance yaƙin Bama can hankalina yake tafiya

Baba Hedimasta: A'a Sadiƙu, Burma ce da ake kira Myanmar yanzu, gabas da Indiya, bakin tsofaffinmu ne ya mai da ita Bama. Da Japan aka gwabza a can. Turawan Ingila sun kwashi runduna biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, mutanen Najeriya da Gwalkwas wato Gana ta yau da Saliyo da Gambiya, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya. Ƙyallen nan mai gizo da kakanku ya ajiye alamar runduna ta 81 ce, a hannun riga ake ɗinka shi. Ta 82 kuwa masu biyu ne aka gicciya a kan gammo, eh gammon nan dai na ɗaukar kaya, saboda a dajin can mota ba ta shiga, da ka mutanenmu suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci da bindigogi suna hawa duwatsu cikin ruwan sama, sauran kuma jirgin sama ya jefo musu. Kuma da Hausa ake ba da umarni a rundunar Najeriya, hafsan Bature ma sai ya koye ta.

To ga inda gizon nan zai yi mana amfani. 'Yan Najeriya na cikin runduna ta 81 kashi biyu suka rabu. Bataliya ta 4 ta bi kwarin kogin Kaladan a 1944. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 kuma an cire su an ba Janar Wingate, suka zama cikin waɗanda ake kira Chindit, masu sauka a bayan abokan gaba. In mun san bataliyarsa mun san inda ya taka.

Jikan Kofur: Ikon Allah. Baba na duba huɗun nan gaba da baya babu suna ko ɗaya, bayan taurarin ma sumul yake. Ko jabu ne?

Baba Hedimasta: Ba jabu ba ne, haka aka raba su, kuma wannan shi ne babban ciwon kan masu bincike. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya duk an buga lamba da muƙami da suna da runduna a jiki. Na biyu kuwa Ingila ta raba su ba suna, sai wasu ƙasashe irin su Indiya da Afirka ta Kudu da Ostireliya ne suka buga wa nasu. Shi ya sa in aka raba Burma Star da gidan da ta fito, shi kenan ta zama ƙarfe kawai, ba mai iya cewa ga mai ita har abada. Abin da za ka nema shi ne ɗan littafin sallama da aka ba su lokacin barin soja, a nan lambarsa da bataliyarsa suke. Ku sake zazzage adakar nan, ku duba cikin gafaka da tsofaffin takardun gida da na fansho.

Mai Gwanjo Kurmi: Ni bari in faɗi gaskiyar kasuwa tunda sana'ata ce. Taurarin nan ba wani kuɗi gare su ba, an buga su da yawan gaske kuma kwaikwayonsu ya cika intanet, sababbi fil ake yi a tsufar da su da hayaƙi. Wanda baffanka yake hangowa ba zai samu ba. Mai kuɗin ita ce baƙar nan in azurfa ce kuma mai suna, akwai masu zuwa nema takanas. In kun yanke shawarar sayarwa gara ku sayar wa wanda ya san darajarta da a narka ta a yi zobe, na sha gani da idona an jefa irinta a wuta.

Maman Hanifa: Haba Alhaji, yaro na neman tarihin kakansa kai kuma har ka fara ciniki

Mai Gwanjo Kurmi: Hajiya ba ciniki nake ba wallahi, so nake ya san abin da ke hannunsa kar a cuce shi. Kuma da ba don irinmu ba da yawancin waɗanda Baba Hedimasta ya tara sun daɗe da zama 'yan kunne.

Baba Hedimasta: Wannan gaskiya ne, fiye da rabin nawa a hannun 'yan koli na same su.

Jikan Kofur: Ga hotunan ta biyar ɗin. Gaba wani sarki ne mai gemu da sanƙo, baya wata mace ce a tsaye da zaki a gefenta. Ƙyallen ya cinye amma ana ganin rawaya da baƙi a gefe da siraran kore biyu. A saman akwai ɗan ƙarfe a gicciye an rubuta N. NIGERIA 1903. A baki kuma akwai lamba, da PTE, da sunan mutum da sunan gari a matsayin suna na biyu, amma ba sunan kakana ba ne.

Baba Hedimasta: Abin da na zata ne. Wannan ita ce Africa General Service, an ƙirƙiro ta a 1902, azurfa ce, sarkin nan Edward na bakwai ne. PTE farabiti kenan. Sunan gari kuwa haka turawa suke rubuta kuratan soja, sunanka da garin da ka ce ka fito, shi ya sa rajistarsu ta cika da su wane Kano wane Bauci wane Katsina. Ɗan ƙarfen nan shi ke faɗin yaƙin da aka ba mutum ita dominsa. Ɗana sai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. N. NIGERIA 1903 ta yaƙin cin Kano da Sakkwato ce har zuwa Burmi. Mai wannan mindar yana cikin sojan Lugga, wato Lugard, Baturen da ya jagoranci cin Arewa.

Daga nan Zariyarku rundunar ta tashi ƙarshen Janairu ƙarƙashin Kanar Morland, suka fasa Bebeji a hanya, suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Turawan cikinsu 'yan kaɗan ne, sauran duk baƙar fata ne kuma gaba ɗayansu ba su kai dubu ba.

Basakkwace: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni wanga zance ya taɓa ni ƙwarai. Ɗan'uwa ka yi haƙuri ba da kai nike ba, amma da hannuna abin ga yaf faɗo da rijiya zan jefa shi. Mi a abin yabo ciki? Ran 15 ga Maris 1903 anka tare su Giginya, anka zuba ma mutane bindiga mai ruwa suna riƙe da takubba da masu. Kahin nan an kashe Wazirin Kano Ahmadu a Kwatarkwashi, kuma Baturen da yaj jagoranci wannan faɗan har babbar lambar Ingila anka ba shi. Sarkin Musulmi Attahiru yat tashi hijira jama'a na biye, sunka bi shi har Burmi sunka kashe shi ran 27 ga Yuli da ɗaruruwan mutane kewaye da shi. Kuma ba a tsaya nan ba, akwai irin wagga minda mai 1906, ita ko ta Satiru ta da Haɗeja, garin Satiru kab anka shahe, har yau kango na. To a ce mutum shi aje wanga abu cikin gida shi nuna ma ɗiyanshi? Ku masu tarawa ku gaya min, in ba Bature kuka taya murna ba mi kuka yi?

Baba Hedimasta: Malam na ji ka, kuma duk abin da ka lissafa haka ya faru, ban rage ko ɗaya ba. Ina da mai 1906 guda ɗaya kuma duk ranar da na ɗauko ta sai jikina ya yi sanyi. Amma in ka jefa ta rijiya me ka binne? Shaida ka binne. Shekarun da na yi ina koyar da cin Kano a allo yara suna rubutawa suna mantawa, ranar da na kawo mindar aji na ce kowa ya riƙe ya karanta sunan da ke baki, suka ga sunan Bahaushe ne irin na ubanninsu, ajin nan tsit ya yi, wata yarinya ta ce Malam ashe mu aka sa muka ci kanmu. Ni ban taɓa iya koyar da wannan da baki ba.

Basakkwace: Allah shi gafarta Malam, aji daban gida daban. A kai ta gidan tarihi in shaida aka so. Amma a riƙe ta a matsayin gadon kaka, a'a.

Jikan Masu Hijira: Salam daga Sudan. Ni kakannina suna cikin waɗanda suka tsira daga Burmi suka yi gabas tare da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin ma sunansa ya ci, Mai Wurno. Kakata har ta rasu in ta ambaci Burmi sai ta yi kuka alhali ita a nan aka haife ta. Na daɗe ina kallon hoton nan da aka turo. Ban taɓa sanin an buga wa ranar nan minda ba. Ni roƙona kar a jefar kuma kar a narka, mu da muka fito ba mu fito da komai ba sai labari a baka, yau ga abu na ƙarfe da ke cewa eh an yi. Dan Allah ɗan'uwa ka ba ni izini in nuna wa dattawanmu hoton.

Jikan Kofur: Na ba ka wallahi, ka nuna musu. Ni kaina tun ɗazu na kasa cin abinci, da murna na shigo da zancen Bama yanzu ban san me zan ji ba.

Maman Hanifa: Ni tambayata shi wannan sojan wa ya san abin da ya kai shi? Ba kare shi nake ba amma farabiti ne fa, ba shi ya shirya yaƙin ba.

Baba Hedimasta: Tambaya ce mai kyau Hajiya. Asalin rundunar tun 1863 ne a Legas, wani Bature Glover ya tara Hausawa 'yan kaɗan, yawancinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, har ana ce musu Hausawan Glover. Zuwa 1903 ma da yawa cikin masu shiga soja bayi ne da suka tsere, ko waɗanda hari ya raba da garuruwansu, ko wanda yunwa ta koro. Mutumin da aka kama uwarsa aka sayar a kasuwa ba lallai ya kalli ganuwar birni yadda ni da kai muke kallonta ba. Wasu kuma albashi da ganima kawai suka bi, kuma sun yi ɓarna a garuruwa, wannan ma a rubuce yake. Minda ba za ta gaya maka wanne ne cikinsu ba, amma lambar da ke bakinta za ta iya kai ka rajista. Rajistar waɗanda aka ba irin wannan tana gidan ajiyar takardun Ingila da ke Kew, a jerin da suke kira WO 100, bataliya bataliya aka rubuta su. Turo min lambar ta akwatin sirri in duba, kar ka sa ta a nan.

Basakkwace: Zancen bayi gaskiya na, ba ni musun shi. Amma wanda anka kashe Burmi da Satiru mafi yawa talakawa na su ma.

Baba Hedimasta: Haka ne, ba ni da ja a kan wannan.

Ɗan Zongo Kumasi: Mu nan Gana zancen nan a gida yake. Zongo da yawa tsofaffin soja da 'yan sanda Hausawa na cikin waɗanda suka kafa su, taken rundunar Gwalkwas ma da Hausa yake, Kullum Shiri, kuma hedkwatar sojanmu a Ankara babban birninmu har gobe Burma Camp ake ce mata. Asantawa ma suna da irin ciwon da ɗan'uwa na Sakkwato yake faɗi, don akwai minda ta yaƙin 1900 na zamanin Yaa Asantewaa, matar da ta jagorance su yaƙar Turawa, kuma da sojan Hausa aka yi shi. Amma ku duba ɗaya gefen, waɗannan da suka dawo daga Bama da mindodi a ƙirji ba aiki ba cikakken haƙƙi, su ne suka yi jerin gwano ran 28 ga Fabrairu 1948 za su kai kuka wajen Gwamna aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, daga nan wutar neman 'yanci ta kama har aka samu a 1957. Kakana yana da tasa Burma Star ɗin, duk shekara sai ya sa ta ranar tunawa da su, ba don Sarkin Ingila ba, don abokansa da bai dawo da su ba.

Ɗan Damagaram: Mu namu na Faransa ne, ansiyan kombatan muke ce musu, wato tsofaffin soja. Tsohon unguwarmu yana da guda uku, kullum yana cewa minda sun ba mu amma kuɗin sun daskarar, don bayan 'yancin kai Faransa ta tsayar da fanshonsu wuri ɗaya na turawa na ta hawa, sai da yawancinsu suka mutu aka gyara. Kuma ku tuna yadda aka harbe sojojinmu da suka dawo daga yaƙi suka nemi haƙƙinsu a Thiaroye kusa da Dakar ran 1 ga Disamba 1944. Ni ina bayan a ajiye, amma a ajiye da labarin duka.

Ustaz Abu Maryam: Ta fuskar gado, abin da ya bari dukiyar magada ce ko da kaɗan ce, baffanka yana da haƙƙi. Hanya mai sauƙi a sa wanda ya sani ya yi musu ƙima, kai ka biya a raba, ko magada su yafe maka da daɗin rai. Kar ka ɓoye ko ɗaya ka ce ai ba ta da daraja.

Mai Gwanjo Kurmi: In ƙima ce zan yi muku kyauta kuma ba zan saya ba, don kar a ce da wata manufa na yi.

Sadiq Samaru: Baba mu a gidanmu akwai wata mai ƙyalle kore fari kore da hoton Sarauniya, ta kakana ɗan sanda, ita ma ta yaƙi ce?

Baba Hedimasta: A'a wannan ta murnar 'yancin kai ce, an ba soja da 'yan sandan da ke bakin aiki ran 1 ga Oktoba 1960, bayanta tambarin Najeriya ne. Ka ajiye ta da hotonsa. Kuma duk mai neman wanda ya tafi Bama bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da shafin bincike kyauta, ka sa suna ko lamba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai da aka zana sunayen mutum wajen 27,000 da ba a san kabarinsu ba, in ka bi jerin rundunar Najeriya sai ka ga kamar rajistar makarantar allo kake karantawa.

Jikan Kofur: Salam, ku yi haƙuri kwana biyar ban leƙo ba. Baba an samu littafin!! Yana cikin gafakar Alƙur'anin kakan, a wajen Goggo babbar 'yarsa, ita ta ɗauke tun rasuwarsa ba wanda ya sani. Ya yi laushi sosai amma ana karantawa, ya shiga soja 1942 an sallame shi 1946, kuma an rubuta bataliya ta 7.

Baba Hedimasta: Alhamdu lillahi. To kakanka Chindit ne. A watan Afrilu 1944 aka sauke su da jirgin sama a tsakiyar dajin arewacin Bama, bayan layin Japan, 'yan makonni bayan Wingate ɗin kansa ya mutu a haɗarin jirgi ran 24 ga Maris. Sun yi faɗa a kewayen wani sansani da aka kafa a kan hanyar jirgin ƙasa don a yanke wa Japan kayan yaƙi, White City ake ce masa saboda fararen lemomin jefo kaya da suka rataye a bishiyoyi. Daga baya damina ta sauka a kansu, zazzaɓi da atuni da yunwa suka yi musu ɓarnar da ta kai ta harsashi. Sunan Chindit daga gunkin zakin nan ne da ke gadin ƙofar wuraren bautarsu na can. Kuma ɗana ai ka san barikin Chindit.

Jikan Kofur: Baba wallahi kusan kullum sai na wuce ta gabansa in zan shiga Sabon Gari, ban taɓa tambayar me sunan yake nufi ba, ashe kakana ne a ciki. Goggo tace tana yarinya in hadari ya haɗo da dare ba ya iya barci, sai ya fita zaure ya zauna har asuba, kuma bai taɓa yarda a zubar da ko loma ɗaya ta shinkafa a gidan ba. Tace bai cika ba da labari ba sai dai yakan ambaci wani abokinsa mutumin Argungu da ya ɗauko a baya kwana biyu kuma ya cika a bayan nasa.

Baba Hedimasta: Ka rubuta wannan yau ɗin nan, da bakinta, ka ɗauki muryarta a waya. Barikokin nan duk haka suke, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Arakan da Tamandu da Myohaung a Legas, duk sunayen wuraren da aka yi faɗa ne a Bama. Ita kuma ta 1903 na duba lambar da ka turo, tana cikin rajista, sunan ya yi daidai da na bakin mindar. Ka tambayi Goggo ko ta san sunan?

Jikan Kofur: Na tambaye ta. Ta daɗe ba ta ce komai ba sannan tace mahaifin kakan ne, wato kakanta. Tace ba Bazazzagi ba ne asali, yaro ne aka kamo shi daga kudancin Bauci a wani hari, ya gudu daga gidan da aka sayar da shi ya faɗa hannun soja a Lakwaja, bayan ya bar aiki ya zauna Zariya ya auri kakarta ya koma noma da karatu wajen wani malami. Tace a gidan ba a zancen, in yara suka yi faɗa a unguwa akan yi musu gori da jikokin sojan Nasara, shi ya sa Inna ta naɗe ta a tsumma. Jinina ne kenan, duka biyun.

Basakkwace: Ɗan'uwa Allah shi jiƙan su shi gafarta muna baki ɗaya. Maganata kan minda tana nan ban canza ba, ni dai ba ni iya kwana ɗaki guda da ita. Amma ba ni da abin cewa ga yaron da anka kamo anka sayar, wannan tsakaninshi da Ubangijinshi na.

Jikan Masu Hijira: Na nuna wa dattawa hoton bayan sallar Juma'a, wani tsoho ya riƙe wayar ya daɗe yana kallon 1903 ɗin nan, ya ce a tambaye ka ko a rajistar an rubuta cewa ya je Burmi ko a Kano ya tsaya.

Baba Hedimasta: Shafin da na gani sunaye ne da lambobi da ɗan ƙarfen da kowa ya cancanta. Zan bi ta kamfaninsa, don rahoton hafsoshi yana faɗin kamfanonin da suka je Burmi tare da Manjo Marsh wanda shi ma a can aka kashe shi. Ranar Talata zan shiga Arewa House da gidan ajiyar takardu na ƙasa da ke nan Kaduna, abin da na samu zan kawo nan. Kai kuma ɗana ka raba su da gwangwanin nan don yana tsatsa, ka naɗe kowacce daban a farin ƙyalle mai laushi, kar ka sa a leda da damina, kuma tsohon ƙyallen ko ya zama zare kar ka yar. Littafin ka ɗauki hoton kowane shafi.

Maman Hanifa: To baffan fa, ya haƙura?

Jikan Kofur: Huɗun Bama da littafin da gizon magada sun yafe min gaban Goggo, baffa ma yace bai san haka abin yake ba. Ta 1903 ɗin dai har yanzu yana cewa tunda azurfa ce a yi mata ƙima, nace na yarda zan biya. Amma Goggo ta karɓe ta ta ƙulle a bakin zaninta tace ba mai taɓa ta sai ta gama ba ni labarin, gobe bayan la'asar zan koma da waya cike da caji. Alhaji Mai Gwanjo in hoto ya isa a yi ƙimar to ga shi nan a sama, in kuma sai an auna nauyinta sai ka jira Goggo ta sake ta.